Farin Jirgin Barau Cindo

Barau Cindo dai ba sai an gabatar da shi ba. Duk wanda ya taɓa jiran jirgin fito a Tungar Bawa ya san shi, ko ya san bakinsa, don bakin kan riga shi isa wuri. An haife shi da yatsa na shida a hannun dama, ɗan mitsitsi a gefen ƙaramin yatsa, shi ya sa ake ce masa Cindo. Da wani ne da ya riƙa ɓoye abinsa a aljihu. Shi kuwa Barau da shi yake nuna wa baƙo hanya. Yakan ce, "Ku Allah ya ba ku biyar-biyar don cin tuwo. Ni ya ƙara mini ɗaya don aikin hannu."

To, shekaru ya yi a Legas ba a ji ɗuriyarsa ba. Ranar da ya dawo ya tarar gari ya sake fuska. Tsamiyar da suke langa a gindinta an sare ta, an kafa shagon cajin waya. Abokin satar mangwaronsa ya zama na'ibin liman, har da gemu. 'Yan matan da ya bari suna tallan gyaɗa duk sun yi goyo. Gulbi ya ci gaɓa ya haɗiye rabin gonar albasarsu. Tsohon karen gidan kawunsa ya mutu, wanda ya gaje shi kuwa bai san wani Barau ba, ya fafare shi har cikin zaure, jaka a ka. Abu biyu kawai ya tarar yadda ya bar su: tukunyar man kaɗanyar mahaifiyarsa Inna Tabawa, da bakin Kuluwa.

Kuluwa taubashiyarsa ce, 'yar Kawu Maiwada Sarkin Jirgi, tana suyar kifi a bakin gulbi. Tana hango shi ta ajiye matsami ta riƙe ƙugu.

"Lale da bawana. An sako ku ke nan?"

"Wa aka sako? Ki iya bakinki, Injiniya ne a gabanki."

"Injiniyan me?"

"Jiragen faiba. Irin na manyan teku."

Ta dube shi tun daga takalmi har hula. "Ikon Allah. Ka tafi ba ka iya ɗaure akuya ba, ka dawo kana ƙera jirgi. Zauna ka ci kan kifi, ka rame."

Gaskiyar maganar ita ce, Barau ya yi aiki a wurin ƙera jiragen faiba, irin masu kama da roba ba na katako ba, wannan ba ƙarya. Sai dai aikinsa gugar sanfefa ne da wanke buroshi. Daga safe har yamma yana durƙushe yana guga, farar ƙura a hanci, farar ƙura a gira, in ya yi atishawa sai ka ce an buga buhun gari. Ainihin aikin kuwa daga nesa yake kallonsa. Ranar da ya baro wurin ya yi wa kansa alkawari shi da sanfefa sai a lahira. Don haka sunan nan na Injiniya ba ado ba ne a wurinsa. In ya zauna, ya zauna gida. In bai zauna ba, to ga ƙura can tana jiransa.

Sai ga shi ƙofa ta buɗe masa da kanta. Babban abin da ya canza a bayansa shi ne, mutanen Tungar Dogo, garin da ke tsallaken gulbi, sun sayo jirgin faiba fari fat kamar ƙwan kaza. Tun da suka kawo shi, duk shekara in an yi tseren jirage su ke cinyewa. Kawu Maiwada har ya daina zuwa kasuwarsu, don da ya sauka za a fara tambayarsa ko katakon jirginsa na sayarwa ne, ana neman itacen girki.

Barau ya je gaishe shi a zaure, 'yan jirgi cike. Aka nuna masa farin jirgin can tsallake yana walƙiya. Ya kare ido da hannu, ya taɓe baki.

"Wannan? Kawu, wannan ai bahon wanki ne. Irinsa a wurinmu yara muke ba wa su koyi hannu."

Kawu ya gyara zama. "Ɗan nan, kana nufin za ka iya yin kamarsa?"

"Kamarsa? Zagina za ka yi, Kawu? Wanda zan yi, in rana ta haska shi sai mutanen Tungar Dogo sun sa tabarau."

Kawu ya shafa gemu. Can ya ce, "To ga 'yan jirgi shaida. Mu za mu kawo kayan aiki. In ka fitar da mu kunya ranar tsere, za mu gina maka rumfar aiki a bakin gulbin nan, kuma daga nan har inda ruwa ya ƙare ba mai yin jirgi sai a wurinka."

Barau ya ɗaga hannun dama, cindo na rawa. "An gama."

Aka aika birni aka sayo kaya. Aka kewaye fili da zana a bakin gulbi. Da taimakon masassaƙa aka ɗauki siffar jirgin Kawu aka yi mazubi, wato kamar mazubin bulo, sai dai shi jirgi ake zubawa a ciki. Barau ya fito da farar rigar aiki mai haɗe da wando da wata hular kwano ruwan ɗorawa, ya hau kan turmi ya yi wa jama'a lacca.

"Ku buɗe kunne, ba na maimaitawa. Da fari a goge cikin mazubi da kaki, don kada jirgi ya manne. Sannan a shafa jel. Jel shi ne farar fatar jirgi, shi ne kyan, shi ne ƙyallin. A jira ya fara kamawa, ya yi danƙo-danƙo, kada ya bushe ƙarau. Sai a shimfiɗa tabarmar faiba a kansa, a jiƙa ta da rezin, wato ruwan gam ɗinta. Su rungumi juna, su zama abu guda. To abin da ke raba wannan aure ɗaya ne."

Ya yi shiru don a matsu.

"Maiƙo."

Wannan kam ya san shi, don a gabansa aka taɓa korar wani saboda ya ci ƙosai kusa da mazubi.

"Maiƙo ko na ɗigo ɗaya ya shiga tsakanin jel da faiba, fata za ta saki nama. Saboda haka mai ƙosai, mai tsire, mai ƙuli-ƙuli, kada in ga ƙeyarsa a nan. Musamman wasu masu suyar kifi."

Kuluwa daga bayan taro ta ce, "Allah ya ja zamanin Injiniya. To kan kifin da ka ci jiya fa, a ina ka goge hannu?"

Aka yi dariya. Ya yi kamar bai ji ba.

Ya ce kafin jirgi zai fara gwaji da ɗan baho, Inna ta samu na wanki. Ya shiga cikin zana shi kaɗai ya ja ƙyaure. Ya shafa kaki, ya shafa jel, ya koma gefe yana yanka tabarmar faiba kafin jel ya kama.

To ita tabarmar faiba, wanda bai taɓa ta ba ba zai gane ba. Gashinta ya fi ƙaiƙayin gero sau dubu. Kafin ya gama yanka, hannuwansa sun ɗauki wuta. Ya sosa, ya sosa, ya ruga gida yana yarfe hannu.

"Inna, ƙaiƙayi zai kashe ni."

"Zo nan, Auta." Ta buɗe tukunya ta lakato man kaɗanya ta mulke shi tun daga yatsu har gwiwar hannu. A gidan Inna Tabawa ba ciwon da man kaɗanya ba ya yi wa magani. Targaɗe shi ne, kaushi shi ne, mura ma a hanci ake sa shi. Nan take ƙaiƙayi ya kwanta. Barau ya yi ajiyar zuciya, ya koma bakin aiki hannu na sheƙi.

Ya taɓa ganin babban mai aikinsu na Legas yana gwada jel da kan yatsa, ya ɗan taɓa can gefe ya ji ko ya yi danƙo. Barau ya ga taɓawa da yatsa ɗaya aikin masu biyar ne. Ya sa yatsu duka ya shafa tsakiyar baho, ya zagaya, ya sake zagayawa. "Ya nuna," in ji shi. Ya shimfiɗa faiba.

Ko kusa bai kawo man kaɗanya cikin lissafin maiƙo ba. Maiƙo ai na abinci ne. Wannan kuwa magani ne.

Da baho ya bushe ya fito da shi gaban mutane, fari tas. Inna ta yi guɗa. Ya ƙwanƙwasa shi da cindo don a ji ƙara. Ƙwas. Sai farar fatar ta tsage, ta ɓare kamar ɓawon dafaffen ƙwai, ta bar baho da wani launi kamar ruwan kwata.



Kuluwa ta ce, "Inna, an yi miki baho mai saɓa kamar maciji. Duk wata sabo."

Barau bai ko girgiza ba. Ya ɗauki ɓawon ya shinshina, ya ɗaga shi sama ya duba ta rana. "Na gano. Raɓa ce. Iskar bakin gulbi da laima take. Jel ba ya shiri da laima."

Aka kawo gawayi aka hura a kusurwar rumfa har wuri ya yi ɗumi. Ya sake baho. Ya yanka faiba, ya ruga wurin Inna, ya dawo ya shafa. Ƙwas. Ta ɓare.

"Ƙura ce," in ji shi. "Shanun da ke zuwa shan ruwa su ke tayar da ita." Aka roƙi makiyaya suka sauya mashaya. Aka yayyafa ruwa, aka share, aka rufe kowace kafa ta zana da buhu. Ƙwas.

"Hadina ce ta yi kaɗan." Hadina ita ce ɗan ruwan da ake ɗigawa don jel ya daskare. Ya ƙara ta da hannu sake. Wannan karon kwanon haɗin ya ɗau zafi ya fara hayaƙi, Barau ya fito da gudu yana salati, hular kwano a karkace. Da ya huce ya ce da ma gwada ƙarfinta yake yi. Ya rage. Ƙwas.

"Na bar shi ya bushe da yawa." Ya rage jira. Ƙwas. "Ban bar shi ya kama ba." Ya ƙara jira. Ƙwas.

Bayan gidan Inna ya cika da bahuna masu kuturta. Kaji suka samu wurin ƙwai. Kawu Maiwada kuwa ya fara zuwa yana tsayawa bakin zana, ba ya cewa komai, sai dai ya yi gyaran murya ya tafi. Gyaran muryar nan ta fi zagi ciwo. Barau ya fara mafarkin sanfefa ido biyu.

Ran nan yana zaune ya yi tagumi, sai iska ta kaɗo masa ƙamshin suyar kifi. Ya miƙe zumbur.

"Kawu, na kama ɓarawon. Hayaƙin Kuluwa ne. Mai yana tashi cikin hayaƙi, iska ta kwaso shi ta sauke mini a kan jel. Ido ba ya gani, amma ilimi yana gani."

Kuluwa ta ce, "Baba, ka ji fa. Hayaƙina ya bi ta kan masallaci, ya bi ta kan mahauta, bai ɓare kowa ba sai bahon bawana."

Kawu ya ce, "Ke dai yi haƙuri ki matsa. Tsere ya ƙarato."

Haka aka kwashe kaskonta da murhunta aka kai can ƙarshen gaɓa, inda ba mai wucewa sai jakuna. Ta tafi tana cewa, "Ba komai. Allah ya kai mu ranar."

To abin da zai ƙara wa Barau ƙarfin gwiwa, washegari Inna ta tafi suna wani ƙauye, ta kulle ɗakinta, tukunya a ciki. Barau ya yanka faiba, ƙaiƙayi ya taso, ya ruga gida ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ya dawo yana susa kamar biri, ya gama baho yana tsine wa wanda ya ƙirƙiro faiba. Da ya bushe ya ƙwanƙwasa. Ƙau. Ya ƙara. Ƙau. Ya buga shi da ƙasa, ya hau kansa ya yi tsalle. Ko gezau.

Ai sai ya ɗora baho a ka ya zaga gari. "Ku fito ku ga ilimi. Na ce hayaƙi ne, kuka yi mini dariya. An kawar da kasko, ga sakamako." Har ƙarshen gaɓa ya je ya kifa wa Kuluwa shi a gaba ya yi mata kiɗa a kai.

Aka shiga aikin jirgi. Ya ce ranar shafa jel ba mai shiga sai shi, sai ya rufe fatar da faiba shimfiɗa ɗaya tukuna matuƙa za su shigo su taya shi, su ma sai sun wanke hannu da toka da sabulu yana tsaye. Tabarmar jirgi guda kuwa ba ta baho ba ce. Ya yanka har ƙaiƙayi ya kai masa kunne. Allah ya sa Inna ta dawo. Ta zuba masa man a gwangwani don kada ya riƙa wahalar zuwa gida.

Ya mulka, ya ƙara mulkawa. Sannan ya zo gwada jel. Jirgi dogo, mazubi mai zurfi, ga buroshi a hannun hagu. Ya bi gefen dama yana dafawa da tafin hannu, daɓ, daɓ, daɓ, tun daga goshi har wutsiya, kamar mai lallashin doki. Ya zagayo gefen hagu, daɓ, daɓ, daɓ. Yana yi yana magana shi kaɗai: "Nan ya nuna. Nan ma ya nuna. Barau, Allah ya yi maka baiwa."

Ranar da aka zare jirgi daga mazubi, har masu kuka. Fari sol, sumul, mutum na ganin haƙoransa a jiki. Kawu Maiwada ya zagaya shi, ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Injiniya." Karo na farko ke nan da ya faɗa. Barau ya ji kamar an ɗaura masa rawani. Aka lulluɓe jirgi da zannuwa a inuwa, aka hana ko ƙuda sauka.

Ranar tsere gaɓa biyu suka cika maƙil. Makaɗa, masu algaita, masu tallan rake, jirage kamar a taka a tsallaka. Barau ya ce a fito da jirgi tun da hantsi a ajiye kan yashi, rana ta doke shi, baƙi su ƙoshi da kallo. Ya tsaya gefensa cikin farar riga da hular kwano, yana amsa gaisuwa da cindo.

Rana ta yi sama. Yashi ya ɗau zafi. Sai ga Dogara, Sarkin Jirgin Tungar Dogo, ya tsallako da mutanensa ganin abin da ake ta faɗa. Ya zagaya, ya sunkuya, ya ƙura ido.

"Maiwada, jirgin naku ƙyanda yake yi ne?"

Barau ya leƙa.  Farar fatar ta fara tashi, bororo nan, bororo can, jere reras a gefe biyu, kowanne kamar faɗin faifan ƙaramin kwano.  Amma bakin Barau bai mutu ba.

"Jama'a, an yi mana zagon ƙasa," ya faɗa da ƙarfi. "Wannan aikin maiƙo ne, na rantse. Wani mai maiƙo a hannu ya saci jiki ya shiga rumfata ya taɓa jel kafin in rufe shi. Kuma ba sai na faɗi suna ba. Wa aka kora daga bakin gulbi yake jin haushina? Wa ke kwana cikin mai ya tashi cikin mai?"

Idanu suka koma kan Kuluwa, tana tsaye da tiren kifi a ka. Ta sauke tiren a hankali.

"Ni kake nufi, Barau?"

"Ni ban kira suna ba. Amma Kawu, ina neman hukunci. Duk wanda aka tabbatar hannunsa ne, a ɗauke shi cak da kayan jikinsa a jefa shi gulbi gaban garuruwan nan biyu. Ko waye. Ko ɗan wa ne."

Fuskar Kawu ta yi nauyi. Ya dubi 'yarsa, ya dubi jama'a. "Na karɓa. In Kuluwa ce, ni zan riƙe ƙafa. A sa jirgi a ruwa, an kira tsere."

Aka tura jirgi. Matuƙa suka zauna, aka buga ganga, filafilai suka faɗa ruwa. Wallahi jirgin yana gudu. Ya yi gaba kamar an harba shi, ya bar na Tungar Dogo a baya. Mutanen Tungar Bawa suka ruɗe da ihu. Barau ya hau kan turmi yana tsalle yana cewa, "Aikina ne, aikina ne."

Sai igiyar ruwa ta fara marin gefen jirgi. Ɓas. Bororo ɗaya ya fashe. Ɓas, ɓas, ɓas. Farin ɓawo ya riƙa tashi yana bin ruwa kamar ana fige farar kaza. Kafin su kewayo tutar tsakiyar gulbi su juyo, ihun gaɓa ya fara sauya launi. Wani ya nuna da yatsa. Wani ya riƙe ciki. Duk inda bororo ya fashe, abin da ya bari ba zagaye ba ne. Hannu ne. Tafin hannu sak, da yatsunsa a baje, baƙi-baƙi a kan fari, jere tun daga goshi har wutsiya, kamar jirgin ya sha mari a wurin mutum ɗari.

Matuƙa suka ga gaɓa gaba ɗaya tana nuna su tana birgima. Na gaba ya leƙa gefe. Na bayansa ya leƙa. Tuƙi ya rikice, filafili ya bugi filafili, jirgi ya yi ta juyi wuri ɗaya kamar kare mai bin wutsiyarsa. Na Tungar Dogo ya zo ya wuce su salin-alin, matuƙansa na tuƙi suna share hawayen dariya.

Aka jawo jirgi kan yashi. Jama'a suka yi masa zobe. Barau ya kutsa yana cewa, "Kun gani ko? Kun ga hannun? Ga shaida Allah ya tona."

Kuluwa ta matso. Ta goge hannunta a zane, ta ɗora shi a kan ɗaya daga cikin hannuwan. Nata ya nutse a ciki, ko rabi bai cika ba.

"To, ga nawa," in ji ta. "Baba, matso ka taya ni, ni ban yi boko ba." Ta sa yatsa tana bi. "Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar." Ta tsaya. Ta ɗago ta dubi Barau, ta mayar da yatsa kan wani ɗan mitsitsin tabo a gefe. "Wannan kuma ɗan autan fa, na wane ne?"

Ta matsa na gaba. Shida. Na gaba. Shida. Jama'a suka karɓe ƙirgar baki ɗaya, har mutanen tsallake, kamar ana karatun allo.

Barau ya zura hannun dama cikin aljihu a hankali.

"Wato," ya ce, murya ta sirance, "abin da ba ku sani ba, aljanun ruwa su ma shida-shida gare su. Sananne ne a Legas."

Ai kuwa sai ga Inna Tabawa ta ratso taro, mayafi a kafaɗa, ranta a ɓace.

"Kai, ku bar mini ɗa. Auta bai taɓa shiga aikin nan da ƙazanta ba, ni shaida ce. Kullum sai na mulke shi da man kaɗanya har gwiwar hannu kafin ya taɓa komai. Ranar jirgin nan ma gwangwani guda ya shanye. Ina maiƙo zai fito?"



Barau ya ce, "Inna, ai shi magani ne."

Dogara na Tungar Dogo ya zauna daɓas a kan yashi, rawani ya warware. Makaɗi ya saki ganga. Wata tsohuwa sai da aka yi mata fifita. Kawu Maiwada ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya naɗe hannun riga.

"Ɗan nan, me ka ce a yi wa mai hannun?"

"Kawu, ai a shari'a akwai sassauci."

"Ko waye, ka ce. Ko ɗan wa ne. Na yi alkawarin riƙe ƙafa, ba zan saɓa ba."

Matuƙa suka kama hannuwa, sai santsi, ya suɓuce. Suka sake kamawa ta riga. Kuluwa ce ta ba da ƙirga, kuma ba ta tsaya a uku ba, sai da ta kai shida. Tinjim. Hular kwano ta taso ita kaɗai, ta kama hanyar Tungar Dogo.

Kwana bai yi nisa ba Barau ya sanar cewa an bugo masa waya daga Legas, aiki ya tsaya cak, manyan injiniyoyi sun rasa yadda za su yi sai ya zo. Ba wanda ya tambaye shi yadda wayar da ta sha gulbi ta yi ƙara. Ya haɗa jaka. Inna ta cusa masa gwangwanin man kaɗanya a ciki, ta ce saboda ƙaiƙayin can. Ya fito da sassafe ta bayan gari don kada ya haɗu da kowa.

Sai dai tashar mota a Tungar Dogo take, kuma ba a zuwa Tungar Dogo da ƙafa. Ya iso bakin gulbi ya tarar da jirgin fito ɗaya tak, cike da 'yan kasuwa. Farin jirgin nan nasa ne Kawu ya mai da shi na fito, kuma tun ranar mutane ba sa son hawa kowanne sai shi. Har an rubuta masa suna da baƙin fenti a goshi: Cindo. Kuluwa ta dawo da kaskonta wurinsa na da, hayaƙi na tashi abinsa.

"Bawana, har za a koma? Ga kan kifi na guzuri. Ka ci a tsallake, kada ka ɓata mana jirgi."

Barau ya gyara jaka a kafaɗa, ya ɗaga ƙafa zai shiga, ya miƙa hannu zai dafa gefe. Kawu Maiwada ya tare shi da filafili.

"Shigo, Injiniya, a yi maka wuri. Amma don girman Allah, hannun nan a aljihu har mu sauka."